Ranar da Kawu Ya Yi Gudu

A Sabo, unguwarmu ta Hausawa a Ibadan, babban mutum ba ya gudu. Ko ruwan Ibadan ya tsuge, irin wanda ba ya sallama, sai dai ka ga Alhaji ya ɗan ɗaga ƙafa ya raɓe a rumfar wani, yana gyara zaman hula kamar dama can nan ya nufa. Kawunmu, yayan Innarmu, shi ya fi kowa riƙe wannan doka. Dillalin goro ne, dogo, mai jiki, tumbinsa na riga shi shiga zaure. In ya taso daga shagonsa zai tafi masallaci, sai a dafa shayi a sha bai kai ba. Ana ba da labarin ranar da wani sa ya ƙwace wa mahauta ya biyo titi, kowa ya ranta a na kare, Kawu kuwa karkacewa kawai ya yi san ya wuce. Ni ban gani ba, amma ban taɓa jin wanda ya musa ba.

Ƙanena, autan Inna, tela ne. Yana da ɗan shago a hanyar Mokola inda yake yi wa manyan riguna aiki a wuya da aljihu, kuma shi ke yi wa Kawu ɗinki. Yakan ce duk Sallah sai ya ƙara yadi, wai nan gaba sai dai a riƙa sayo wa Kawu bandir guda. Yaro ne da bakinsa ba ya hutawa. Zai tsokane ka da Hausa, ya juya ya tsokani mai amala da Yarbanci, ya ƙarasa da Turancin buroka, kuma babu wanda ya taɓa iya riƙe fushi da shi har azahar. In ya shigo gida ya cusa filo a cikin riga ya kwaikwayi tafiyar Kawu, Inna takan kore shi da mafici tana cewa yayanta ba abokin wasansa ba ne, sannan ta juya baya kafaɗunta na rawa. Tun yana ƙarami yake faɗa mini magana ɗaya.

"Yaya, ni burina a duniya ba shi da yawa. In ga Kawu yana gudu, shi ke nan."

Yana da shekara ashirin da 'yan kai ciwon ya fara, a ƙarshen shekarun tamanin, lokacin da kaya suka yi tashin gwauron zabi. Kumburi ne a saman gwiwa, a ƙafar da yake taka keken ɗinki da ita, sai aka ce keken ne. Aka kai shi wurin mai ɗori, wanzami ya yi masa ƙaho, abu sai ƙaruwa yake. Daga baya wata tsohuwa ta dube shi ta ce ciwon daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe, ko allura ta taɓa shi sai ya bazu. Wannan magana ta cinye mana watanni a kan jiƙo da shafe-shafe. Sai da abokansa na ƙwallo suka ɗauke shi kusan da ƙarfi suka kai shi babban asibiti, likitoci suka ce ƙafar sai an cire ta, sannan a bi sauran da gashin na'ura. Kuɗin da suka faɗa ya fi ƙarfin gidanmu. Inna ta sayar da kwanukan jerenta, na ba da abin da nake tarawa a cinikin alkaki, keken ɗinkin ma ya tafi, duk da haka ko rabi ba mu kai ba. Maigidana ya bar ni na koma gida jinya.

Abokan nan nasa su suka zo da maganar tsere. Sun saba ganin 'yan jami'a a ranar da suke kira ta tsumma, su sa yagaggun kaya su fito shataletalen Mokola da gwangwanaye suna tara wa marasa lafiya taimako. Sun kuma ga Turawa a talabijin suna tsere, wani cikin kayan zakara, wani cikin kayan jarirai, mutane na biya don nishaɗi. Suka zauna a bakin katifarsa suna tsara yadda za su yi nasu, ina daga tsakar gida ina jin su. Auta ya bar su suka gama, sannan ya ce musu babu wanda zai ba da ko kwabo don ya ga samari na gudu, kullum ana ganinsu a filin ƙwallo suna yi a banza.

"Ku sa Kawu ya yi gudu," in ji shi. "Cikin babbar riga. Har Yarbawan Mokola sai sun biya kuɗin kallo."

Aka yi dariya, aka tashi a kan wasa ne. Amma magana in ta fita a Sabo ba ta kwana a wuri ɗaya. Da farko dattijai suka ɓata rai, suka ce wannan bara ce aka sa mata riga, kuma tallan ciwo ne, mu ba a san mu da shi ba. Sai maganar ta kai kunnen wani dillalin albasa na kasuwar Bodija, Bazazzagi, abokin wasan Kawu, don mu asalinmu Kanawa ne. Ya zo har majalisar da suke zama bayan la'asar, ya ce a gaban kowa in dai Bakanon nan zai ɗaga tumbinsa ya yi gudu zuwa Mokola, shi zai ba da ribar mota guda ta albasa, kuma ya san kuɗinsa na nan lafiya a aljihu, don tun da aka kafa Kano ba a taɓa jin Bakano ya yi gudun da ba na riba ba. Maigidana yana wurin. Ya ce Kawu bai yi dariya ba, ya ɓare goro ya tauna. Can ya tambaya daga ina zuwa ina.

Kowa ya san ba albasa ce ta motsa shi ba. Kawu bai haifi namiji ba, kuma duk tsiyar da yaron nan ke yi masa tana komawa kunnensa, bai taɓa canza tela ba.

Da Kawu ya yarda, kunya ta kama sauran alhazai, suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya. Aka sa doka: kowa da babbar riga da hula, wanda hularsa ta faɗi zai biya tara, kuma kowane Alhaji da masu mara masa baya da za su zuba nasu in ya kai ƙarshe. Mahauta suka ce za su zo da kalangu. Mu matan aure, da ba fita za mu yi ba, muka shiga aiko da namu a ƙulle a bakin zane, kowace da saƙon wanda take so ya zo na kashin baya, yawanci mijinta.

A makonnin nan Auta ya dawo mana kamar da. Wanda sai an yi da gaske yake shan koko ya fara neman ƙarin tuwo. Yana kwance, ƙafar ta yi suntum a ƙarƙashin zane, amma shi ke tsara komai. Shi ya aika a ce Kawu ya sa shuɗiyar shaddarsa, wadda shi da kansa ya yi wa aiki tun daga wuya har ciki, don ita ta fi nauyi, ta fi kuma ɗaukar iska. Shi ya yanke hanya: a taso daga filin ƙwallo, a wuce masallaci, a gangaro ta lungunmu, sannan a fita babban titi zuwa Mokola. Lungunmu gangare ne, kuma daidai ƙofar gidanmu akwai kwata da aka gitta wa katako. Ya ce a nan za a yi ta ta ƙare, don mai jiki in ya kama gangare ba shi da birki, kuma dole Kawu ya tattare riga ya taka katakon nan. Yana faɗa yana gwadawa da hannu, har sai da ciwon ya tsikare shi ya yi shiru yana cije leɓe, idonsa na dariya.

Abokansa sun san dalilin biyowa ta lungun. Ni na sani, Inna ta sani. Kawu ne kaɗai ba a gaya wa ba. To wa zai faɗa masa? Da wane baki za a dubi yayan uwa a ce ɗan ƙanwarka ne ke son ya zauna a ƙofar gida ya yi maka dariya? Muka ɗauka tun da hanya ta biyo ta nan, ba sai an ce komai ba.

Ranar Lahadi ce, gari ya yi wasai bayan ruwan asuba. Tun da safe Auta ya sa aka kira wanzami ya yi masa aski. Na haɗa masa ruwan wanka, ya sa farin kaftani da hula, ya shafa turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Kaftanin ya yi masa yawa, ya ce laifin telan ne. Maƙwabta biyu suka ɗauke shi a kujera suka ajiye shi a kan dakali, na rufe masa ƙafar da sabon zanena. Ni na laɓe a bayan ƙofar zaure inda katako ya tsage. Inna ta ce ita ba ta da lokacin shirme, sannan ta ɗauko faifan shinkafarta ta zo tsintar ta a zaure, inda ko haske babu.

Lungun shiru, ko yaro babu, muka ce duk sun tafi wurin tashi. Can muka ji kalangu, sannan wata irin shewa ta tashi gaba ɗaya.

"Sun taso," in ji Auta.

Lungunmu yana da kwana, daga dakali ba a hango bakinsa, don haka da kunne yake bin su yana ba ni labari. Ya ce wannan ihun na 'yan ƙwallo ne, wata hula ta faɗi. Ya ce yanzu sun wuce masallaci. Da muka ji muryoyin mata suna "Sare, Alaji, sare," wato yi gudu da Yarbanci, ya ce sun iso rumfar mai amala, saura ƙiris. Ya dafa hannun kujera ya miƙa wuya. Ƙarar ta cika kunne har ina jin ta a ƙirjina, Inna ta ajiye faifai ta matso bayana.

Sai ƙarar ta fara karkata. Ba ta gangaro ba, ta bi dama, ta bayan gidaje, tana raguwa. Muka yi ta kallon kwanar nan. Wata kaza ce ta fito da 'ya'yanta, ta bi gefen kwata tana tono.

Auta ya ce ƙila zagayowa za su yi. Rana ta hau dakali, gumi ya fara jiƙa masa wuyan kaftani, na ce a shigar da shi ya ce a'a. Yana nan zaune har muka jiyo wata shewa daga nesa, can wajen Mokola, irin ta an kai ƙarshe. Sai ya cire hular ya ɗora a cinya.

"Yaya, kira su su mai da ni ciki. Rana ta yi zafi."

Babban abokinsa ne ya fara zuwa, yana haki, ya tsaya a zaure ya kasa shiga ɗaki. Ya ce ana shirin tashi Kawu ya tambayi hanya, da ya ji za a bi ta ƙofar gidanmu sai ya ce sam. Ba za a kai kiɗa da shewa ƙofar mara lafiya ba, yaro na kwance yana fama da kansa a zo ana ƙyaƙyata masa dariya a ka, wannan ba tarbiyya ba ce. Sauran alhazai suka ce gaskiya ne. Har mutum biyu ya sa a bakin lungun su riƙa mai da jama'a, kada a dame shi. Na tambaye shi shi bakinsa ciwo yake da bai yi magana ba.

"Yaya, na so in yi magana o. Amma Alhaji ne fa, ga manya duk a tsaye. Ejo, don Allah, ki ba shi haƙuri."

Na ce ya shiga ya ba shi da kansa.

Kawu ya zo bayan la'asar. Ya yi wanka, ya sake farar riga, fuskar nan a ɗaure kamar ba shi ne ya tayar da gari da safe ba, sai dai yana ɗan ɗingishi. Ya zauna a kan tabarma da ƙyar, ya yi wa Auta sannu, ya ce Allah ya rufa asiri, abin da aka samu zai isa aiki har da na magani. Sannan ya ce yaran nan marasa hankali sun so su kawo masa hayaniya har ƙofar gida, shi ya hana, yana fata dai ya samu ya huta.

Ina bayan labule, na ƙura wa ƙanena ido. Yaron da bai taɓa haɗiye magana ba. Na ga ya buɗe baki, ya dubi ƙafafun Kawu da suka kumbura, ya sunkuyar da kai.

"Na huta, Kawu. Allah ya saka da alheri. Allah ya ƙara girma."

Raina ya ɓaci a ranar, kuma na rasa wanda zan ɗora wa. Kawu ya zubar da girman da ya shekara hamsin yana tarawa, a kan titi, a gaban Yarbawa da yara, saboda yaron nan. Abin da ya hana kuwa don tausayi ya hana. Na koma madafa na huce a kan tukwane.

An yi aikin, an cire ƙafar, aka shiga zaryar gashi. Duk wanda ya zo dubiya, Auta ba ya bari ya gama sannu sai ya tambaye shi gudun Kawu. Kowa da nasa. Wani ya ce rigar ta cika da iska ta baje kamar lema. Wani ya ce takalmi ɗaya ya tsinke tun a masallaci, Kawu ya ƙarasa da ƙafa ɗaya a ƙasa. Mai amala ta rantse cewa yana gudu yana salati. An dai haɗu a kan cewa shi ya zo na kashin baya, kuma hularsa ba ta faɗi ba. Auta yakan yi dariya, amma sai ya shiga tambaya irin tasa: hannuwan fa, a ƙirji ya riƙe su ko wurgi yake da su? Tumbin sama da ƙasa yake yi ko gefe da gefe? Rigar a kafaɗa ya naɗe ta ko a hannu ya tattare? Babu wanda ya lura. Yakan girgiza kai ya ce an kai makafi kallon wasa.

Mai hoto na Mokola ya ɗauka, aka kawo masa. Ba a ganin komai sai shuɗin yadi da kawunan mutane. Ya daɗe yana dubawa, ya ce aikin wuyan dai ya fito.

Sau ɗaya na tayar da maganar. Na ce wa Inna me zai hana a roƙi Kawu, ko da sassafe ne kafin mutane su fito, ya ɗan gangaro lungun nan yaro ya gani. Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce yayanta ne fa, ya tozarta kansa sau ɗaya saboda ɗanta, sai ta koma ta ce bai isa ba, ya sake? Na gwada maigidana, ya ce wannan ba maganar suruki ba ce. Auta ya jiyo mu daga ɗaki ya ce in bar shi, in ya warke zai sa a sake tseren, shi ne ma alƙali, da sandarsa. Kowa da hujjarsa, kuma duk hujjojin masu kyau ne. Na bar maganar.

Bai warke ba. Dajin ya riga ya haura ƙirji, kuma da damina ta zagayo Allah ya karɓi abinsa, da hantsi, kansa a cinyar Inna.

Ranar sadakar uku maza na zaune a ƙofar gida, har da Kawu, a kan dakalin nan da kewayensa. Bazazzagin albasa ya zo gaisuwa. Cikin yabon mamaci ya ce yaron nan ko a kwance sai da ya motsa gari, ai shi ya ƙirƙiro tseren, shi ya zaɓi rigar, kuma an ce ranar har aski ya yi ya sha turare aka fito da shi nan, daidai inda suke zaune, don ya ga wucewar kawunsa. Shi a zatonsa Kawu ya sani. Maigidana ya ce kowa ya kama kallon carbinsa.

Ina tsakar gida ina zuba wa mata gumba sai na ji sallamar Kawu. Bai saba shigowa cikin mata ba, duk suka gyara lulluɓi. Bai nemi Inna ba, ni ya kira zaure. Na durƙusa. Ya tambaye ni ko gaskiya ne, na ce gaskiya ne. Ya tambaya tun yaushe yaron ke son haka, na ce tun yana ƙarami, na faɗa masa maganar yadda Auta ke faɗinta. Na ɗauka zai yi faɗa, ko ya ce Allah ya jiƙansa ya fita.

Sai ya tura ƙofar zaure ya tsaya yana kallon lungun, daga kwana zuwa kwata, da katakon da ke gitte a kanta. Ya daɗe a haka. Da ya juyo gemunsa a jiƙe yake.

"Ɗan lungun nan?" ya ce. "Wata nawa yana kwance a ɗakin can, ina zuwa ina yi masa sannu. Ai da ɗayanku ya faɗa mini, da na yi ta yi masa har sai ya ce ya isa."

Ya sa takalmansa, bai koma wurin maza ba. Ya taka katakon a hankali, ya haura lungun da tafiyarsa ta kullum, ina kallonsa ta tsagar ƙofa har ya sha kwana.